Waiwaye: Jihar Misisipi da tutar da ta shekara 126 tana kaɗawa

Ranar 1 ga Yulin 2020, dakarun fareti suka sauke tutar jihar Misisipi ta ƙasar Amurka daga saman ginin majalisar dokoki da ke birnin Jackson, suka naɗe ta cikin ladabi, aka ɗauke ta zuwa gidan tarihi inda za ta ƙare kwanakinta. Tuta ce mai ratsi uku, shuɗi da fari da ja, amma abin da aka daɗe ana kai ruwa rana a kansa yana kusurwarta ta sama: jan fili ne da shuɗin gicciye ya ratsa, ɗauke da fararen taurari 13, wato alamar yaƙi ta rundunar jihohin Kudu da suka ɓalle daga Amurka a 1860 da 1861. Misisipi ce jiha ta ƙarshe da ta ci gaba da ɗaga wannan alama a tutarta, alhali kuma ita ce jihar da baƙaƙen fata suka fi yawa a cikinta idan aka kwatanta da yawan jama'a, domin sun kusa kashi 38 cikin ɗari na mutum kusan miliyan 3 da ƙidayar 2020 ta nuna. Kafin a gane yadda jikokin bayi suka shekara 126 suna shiga kotu da makaranta a ƙarƙashin tutar waɗanda suka yi yaƙi don kakanninsu su dawwama cikin bauta, dole a fara da ƙasar kanta, domin ita ce mafarin komai.

Jihar tana can ƙuryar kudancin Amurka, kuma faɗinta ya ɗan haura murabba'in kilomita 125,000. Tennessee ce a arewa da ita, Alabama a gabas, a kudu kuwa ta yi iyaka da Louisiana da kuma Mashigin Tekun Meksiko. Ta yamma babban kogin Misisipi ne ya raba ta da Arkansas da Louisiana, kuma daga gare shi ta samo sunanta, wanda a harshen ƙabilar Ojibwe yake nufin babban kogi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai zafi da laima, wurin da ya fi ko'ina tudu a cikinta bai wuce mita 246 ba. Kudancinta daji ne na itacen katako mai ƙasa jigawa, gabarta ta teku kuma tana da garuruwa irin su Biloxi da Gulfport da Pascagoula, inda ake su da ƙera jiragen ruwa, inda kuma mahaukaciyar guguwa ke yawan sauka, kamar Camille a 1969 da Katrina a 2005. Arewa maso gabas tuddai ne na jar ƙasa, inda tun asali ƙananan manoma farar fata suka fi yawa.

Amma zuciyar labarin tana arewa maso yamma, a yankin da mutanen wurin ke kira Delta. Wata makekiyar fadama ce da ke tsakanin kogin Misisipi da kogin Yazoo, ta miƙa kimanin kilomita 320 daga kusa da Memphis har zuwa Vicksburg. Shekaru dubbai kogin yana cika yana batsewa, yana barin baƙar laka a duk inda ya bi, har ta taru ta yi zurfin da ba kasafai ake samun irinsa ba a duniya. Duk manomin da ya san darajar fadama zai gane abin da wannan ke nufi: ƙasa ce da ba ta roƙon taki, abin da take nema kawai shi ne hannuwa masu yawa da za su sare dajin, su gina jinga a bakin kogi, su yi noma, su yi tsinka. Tambayar da ta mallaki siyasar Misisipi tun daga wancan lokaci ita ce, hannuwan wa za su yi wannan aiki, kuma wa zai ci amfaninsa.

Kafin zuwan Turawa, ƙasar tana da masu ita. Har gobe ana iya ganin manyan tuddan ƙasa da mutanen dā suka tara da hannu don ibada da mulki, kamar na Emerald da ke kusa da Natchez. Manyan ƙabilun da Turawa suka tarar su ne Choctaw da Chickasaw da Natchez. Ayarin Hernando de Soto na Sifen ya ratsa yankin a 1540 zuwa 1541, amma Faransawa ne suka fara kafa sansani a gabar teku a 1699, sannan suka gina wani a Natchez a 1716. Da mutanen Natchez suka yi musu bore a 1729, Faransawa suka tarwatsa su har ƙabilar ta watse. Daga nan yankin ya yi ta sauya hannu, Birtaniya ta karɓa a 1763, Sifen ta biyo baya, har Amurka ta mayar da shi yankinta a 1798. Ranar 10 ga Disambar 1817 Misisipi ta zama jiha ta 20.

A wannan tsakani ne aka ƙirƙiro injin gurzar auduga a 1793, wanda ya mayar da aikin raba angurya da kaɗa, da a dā ke cinye wa mutum yini guda, abin da ake gamawa nan da nan. Masaƙun Ingila suna ta neman auduga, farashi ya yi kyau, sai idon kowa ya koma kan ƙasar Choctaw da Chickasaw. Bayan dokar tayar da mutanen asali da shugaba Andrew Jackson ya sa wa hannu a 1830, aka matsa wa Choctaw suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar Dancing Rabbit Creek a watan Satumbar shekarar, suka rabu da fili kimanin eka miliyan 11, Chickasaw ma suka bi sahu a 1832. Aka kora su yamma zuwa inda a yau ake kira Oklahoma, dubbai suka mutu a hanya saboda sanyi da yunwa da cuta. Wasu 'yan Choctaw sun ƙi tashi, kuma zuriyarsu na nan a gundumar Neshoba da kewaye da gwamnatinsu ta ƙabila. Abin lura ne cewa babban birnin jihar sunan wannan Jackson ɗin yake ɗauke da shi.

Da fili ya samu, sai aka shiga neman bayi. Tun 1808 Amurka ta haramta shigo da bayi daga Afirka, saboda haka fatake suka riƙa sayo su daga tsofaffin jihohi irin su Virginia da Maryland, suna koro su da ƙafa cikin sarƙa, ko su zubo su a jirgin ruwa, ana raba uwa da ɗanta da miji da matarsa. Kasuwar bayi ta Forks of the Road da ke Natchez ita ce ta biyu a girma a wannan ɓangare na Kudu, bayan ta New Orleans. Ƙidayar 1860 ta nuna cewa daga cikin mutum 791,305 da ke jihar, 436,631 bayi ne, wato kashi 55 cikin ɗari. A lokacin Misisipi ce kan gaba wajen noman auduga a Amurka, tana fitar da sama da dila miliyan ɗaya a shekara, kuma manyan gidajen da masu gandaye suka gina a Natchez da wannan dukiya suna nan tsaye, masu yawon buɗe ido na biyan kuɗi su shiga kallo.

Daga cikin mutanen da suka yi bauta a can akwai wanda labarinsa ya kamata duk mutumin Afirka ta Yamma ya sani. Sunansa Abdurrahman, ɗan Almami Ibrahima Sori na Futa Jalon a ƙasar Gini ta yanzu, Bafulatani Musulmi mai ilimin Arabiyya wanda ya jagoranci mayaƙa. An kama shi a wani yaƙi a 1788, aka sayar da shi, ya ƙare a gonar wani manomi mai suna Thomas Foster kusa da Natchez, inda ya shekara 40 yana bauta. Da ya faɗa musu cewa shi ɗan sarki ne, sai suka laƙaba masa sunan da ke nufin yarima a harshensu. A 1826 ya rubuta wasiƙa da Larabci, wasiƙar ta bi hannu-hannu har ta kai Maroko, sarkin ƙasar ya sa baki, gwamnatin shugaba John Quincy Adams ta nemi a sake shi, aka 'yanta shi a 1828. Mutanen gari suka haɗa kuɗi aka fanshi matarsa Isabella, shi kuma ya zaga biranen Arewa yana neman abin da zai fanshi 'ya'yansa, amma kuɗin bai kai ba. Ya isa Laberiya a 1829, ya rasu a can cikin 'yan watanni ba tare da ya sake ganin Futa Jalon ba, akasarin zuriyarsa kuwa suka ci gaba da zama bayi a Misisipi.

Da aka zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa a 1860, masu gandaye suka ga alamar cewa ba za a bar bauta ta ci gaba da yaɗuwa zuwa sababbin yankuna ba. Ranar 9 ga Janairun 1861 Misisipi ta zama jiha ta biyu da ta ɓalle, kuma ba ta ɓoye dalilinta ba, domin sanarwar da wakilanta suka fitar ta ce ƙarara matsayinsu a ɗaure yake da tsarin bauta, wanda suka kira babbar dukiyar duniya. Wannan magana tana da muhimmanci ƙwarai, domin daga baya an yi ta ƙoƙarin cewa yaƙin na kare 'yancin jihohi ne kawai, alhali waɗanda suka tayar da shi sun rubuta manufarsu da hannunsu. Sanatan jihar, Jefferson Davis, shi ya zama shugaban 'yan aware. A Vicksburg, garin da ke kan tudu yana tsare kogi, Janar Ulysses Grant na rundunar gwamnatin tarayya ya yi wa mayaƙan 'yan aware ƙawanya ta kwana 47, mutanen gari suka haƙa ramuka a jikin tuddai suka fake, har garin ya miƙa wuya ranar 4 ga Yulin 1863, bayan 'yan kwanaki kuma kogin gaba ɗaya ya koma hannun gwamnatin tarayya.

Shekaru kaɗan da suka biyo bayan yaƙin sun nuna abin da zai iya kasancewa. Da farko majalisar jihar ta yi dokoki a 1865 da suka tilasta wa 'yantattun bayi ɗaukar ƙwadago na shekara ko a kama su a matsayin 'yan zaman banza, amma majalisar tarayya ta shigo, aka ba maza baƙaƙe ƙuri'a. Tunda su ne mafi rinjaye, nan da nan fuskar mulki ta sauya. A 1870 Hiram Revels ya zama baƙar fata na farko a majalisar dattawan Amurka, yana wakiltar jihar da Jefferson Davis ya taɓa wakilta. Blanche Bruce, wanda aka haifa bawa, ya biyo baya ya cika wa'adinsa daga 1875 zuwa 1881, John Lynch kuma ya shugabanci majalisar wakilan jihar yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. A wannan zamani ne aka kafa makarantun gwamnati a jihar. Sai dai a zaɓen 1875 farar fata 'yan jam'iyyar Dimokuraɗiyya suka fito da bindigogi, suka tarwatsa tarurruka, suka kashe mutane a wurare irin su Clinton, suka ƙwace mulki, gwamnatin tarayya kuma ta ƙi aiko soja.

Abin da aka ƙwata da bindiga sai aka nemi a ɗaure shi da doka. A 1890 aka kira taron rubuta sabon tsarin mulki, wanda baƙar fata ɗaya tak ya halarta, kuma shugabannin taron ba su ɓoye cewa sun taru ne don su raba baƙaƙe da akwatin zaɓe ba. Tunda tsarin mulkin Amurka ya hana a ambaci launin fata, sai suka bi ta bayan gida. Suka sa harajin dala 2 a shekara ga mai son yin zaɓe, suka kuma ce sai mutum ya karanta wani sashe na tsarin mulkin jihar, ko ya fassara shi yadda zai gamsar da magatakardan rajista, wanda shi kaɗai ke da ikon cewa an ci ko an faɗi. Suka jera wasu laifuka da suke ganin baƙaƙe aka fi kamawa da su, suka ce wanda aka samu da ɗayansu ya rasa ƙuri'a har abada. Zuwa 1892, baƙaƙen da ke cikin rajista ba su kai 9,000 ba daga cikin kimanin 147,000 da shekarunsu suka kai. Kotun Ƙolin Amurka ta amince da tsarin a 1898, sauran jihohin Kudu kuma suka kwaikwaya. Shekara 4 kacal bayan wannan tsarin mulki, a 1894, majalisar da baƙaƙe ba su da sauran murya a cikinta ta zaɓi tutar da ke ɗauke da alamar 'yan aware. Ke nan ba tutar yaƙin ba ce ta rage a sama don an manta a sauke ta, sabuwar tuta ce da aka ɗaga shekara 29 bayan yaƙin, a daidai lokacin da aka gama rufe ƙofa.

A gonaki kuwa, bauta ta canza riga ta koma noman raba amfani. Mai gandu zai ba iyali fili da bukka da alfadari da iri, ya riƙa ba su gari da nama da tufafi bashi daga kantinsa har kaka ta yi. Bayan an tsinke auduga an gurje, sai a zo ranar lissafi, mai gandu ya buɗe littafin da shi kaɗai ke rubutu a ciki, ya cire rabinsa, ya cire bashi da ruwan da ya ɗora, sau da yawa kuma a ce wa magidanci bayan wahalar shekara guda shi ake bi. Wanda ya yi gardama da lissafin ba shi da kotun da zai kai ƙara, domin alƙali da ɗan sanda da masu taya alƙali yanke hukunci duk masu ƙuri'a ne ke samar da su. Wanda ya ɗaga murya kuma yana iya rasa ransa a hannun gungun mutane, kuma ƙididdigar da aka yi ta nuna cewa babu jihar da ta kai Misisipi yawan irin wannan kisan gilla, inda aka kashe baƙaƙe sama da 500. Gidan yarin Parchman, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1900, shi kansa gandun auduga ne da fursunoni ke nomawa.

Ambaliyar 1927 ta tona asirin wannan zama. Ranar 21 ga Afrilu jinga ta ɓalle a Mounds Landing, arewa da Greenville, ruwa ya shanye Delta. Dubban baƙaƙe suka taru a kan jingar Greenville, wadda ita kaɗai ta rage a sarari, jiragen ruwa suka zo don kwashe su, amma manyan masu gandaye suka hana, don tsoron kada ma'aikatansu su tafi su ƙi dawowa. Aka bar su cikin tantuna, sojoji na gadinsu, ana sa su aikin dole. Da ruwa ya janye, da yawa suka tattara komatsansu. Dama ƙwaron auduga ya riga ya fara ɓarna tun 1907, sannan a 1944 aka nome aka kuma tsinke audugar wata gona kusa da Clarksdale da inji zalla, abin da ya nuna cewa ƙasar da ta shekara ɗari tana neman hannuwa ta daina buƙatarsu. Jirgin ƙasan da ke tafiya Chicago ya kwashe dubban ɗaruruwa, har ya zama a ƙidayar 1940 baƙaƙe ba su ne mafi rinjaye a jihar ba.

Cikin wannan ƙunci ne aka haifi abin da Misisipi ta fi shahara da shi a duniya, wato kiɗan bulus. Asalinsa waƙoƙin aiki ne da kiraye-kirayen gona da waƙoƙin coci, mutum ɗaya da jitarsa yana ba da labarin bashi da ambaliya da rabuwa da tafiya. Charley Patton ya yi zamansa a gandun Dockery, Muddy Waters direban tarakta ne a wani gandu kusa da Clarksdale lokacin da aka fara naɗar muryarsa a 1941, kafin ya tafi Chicago ya haɗa jitarsa da lantarki, B.B. King ma a gonar auduga ya tashi. Elvis Presley, wanda aka haifa a Tupelo a 1935, daga wannan rijiya ya sha. Wasu masana kiɗa suna ganin salon jan murya da kaɗa tsirkiya na bulus yana da dangantaka da kiɗan yankin Sahel, kuma wanda kunnensa ya saba da gurmi ko goge zai iya jin dalilin da ya sa suke faɗin haka. A akushi ma alamar tana nan, domin kuɓewa da wake mai baƙin ido da ake ci a gidajen jihar daga Afirka aka kai su, ana haɗa su da gurasar masara da dafaffen ganye da soyayyar tarwaɗa, wadda a yau Misisipi ce kan gaba wajen kiwonta a Amurka. Jihar da ta daɗe a sahun baya wajen ilimi ita ce kuma ta haifi William Faulkner, wanda ya samu kyautar Nobel ta adabi ta 1949, da Richard Wright, da 'yar jarida Ida B. Wells wadda ta sadaukar da rayuwarta wajen fallasa kisan gilla. Coci, musamman na ɗarikar Baptis, shi ne cibiyar rayuwa ga baƙi da fari, ko da yake galibi kowa da nasa.

A watan Agustan 1955 wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Emmett Till ya zo daga Chicago ziyarar dangi kusa da ƙauyen Money. Aka zarge shi da yi wa wata farar mace rashin kunya a kanti, mutum biyu suka ɗauke shi cikin dare, bayan kwana uku aka tsamo gawarsa daga kogin Tallahatchie, an ɗaura masa fankar injin gurza a wuya. Mahaifiyarsa ta ce a bar akwatin gawar a buɗe duniya ta ga abin da aka yi wa ɗanta. A kotu, dattijon da yaron ya sauka a gidansa, Mose Wright, ya miƙe ya nuna masu laifin da yatsa, abin da a wancan zamani daidai yake da sayar da rai. Duk da haka, cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci aka wanke su, bayan 'yan watanni kuma suka amsa laifin a wata mujalla da ta biya su kuɗi. Dukkan masu yanke hukuncin farare ne, domin daga cikin masu zaɓe ake ɗebo su, kuma a gundumar da aka yi shari'ar, wadda baƙaƙe suka fi yawa a cikinta, babu ko ɗaya daga cikinsu a rajista. Nan ne ake ganin aikin da dokar 1890 ta yi.

Shi ya sa gwagwarmayar da ta biyo baya ta karkata kan ƙuri'a. A 1962 sai da shugaba Kennedy ya tura dubban sojoji kafin James Meredith ya zama baƙar fata na farko da ya shiga jami'ar jihar da ke garin Oxford, bayan tarzomar da ta ci rai 2. Ranar 12 ga Yunin 1963 aka harbe Medgar Evers, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙe, a ƙofar gidansa a Jackson, kuma sai a 1994 aka hukunta wanda ya kashe shi. A damunar 1964 aka kashe matasa uku masu aikin rajistar masu zaɓe, James Chaney da Andrew Goodman da Michael Schwerner, aka binne su cikin wata madatsar ruwa a gundumar Neshoba.

A ganina, babu wanda ya wakilci wannan zamani kamar Fannie Lou Hamer, auta a cikin 'ya'ya 20, wadda ta fara tsinkar auduga tana da shekara 6. A ƙarshen Agustan 1962, tana da shekara 44, ta shiga mota tare da wasu mutum 17 zuwa Indianola don yin rajista. Aka ba ta wani sashe na tsarin mulki ta fassara, aka ce ta faɗi. Da ta koma gida, mai gandun da ta yi wa aiki shekara 18 ya ce ko ta janye sunanta ko ta bar masa gona, ta amsa masa da cewa ba don shi ta je rajista ba, don kanta ta je, ta kuma bar gidan a daren. Shekara ta zagayo aka yi mata dukan kawo wuƙa a ofishin 'yan sanda na Winona, dukan da ya bar mata ciwo har ƙarshen rayuwarta. A 1964 ta zauna gaban kwamitin babban taron jam'iyyar Dimokuraɗiyya ta ba da wannan labari, shugaba Johnson ya kira taron manema labarai na gaggawa don a ɗauke kyamara daga kanta, amma da dare gidajen talabijin suka nuna jawabin nata. Da aka yi dokar kare haƙƙin zaɓe a 1965, baƙaƙen Misisipi da ke cikin rajista suka tashi daga ƙasa da kashi 7 cikin ɗari zuwa kusan kashi 60 cikin shekara biyu.

Ƙuri'a ta dawo, amma rinjayen da ake da shi a dā ya riga ya hau jirgi ya tafi Arewa. Baƙaƙe sun samu kujeru masu yawa a ƙananan hukumomi da majalisar jiha, Robert Clark ya buɗe ƙofar majalisar a 1967, Mike Espy ya tafi majalisar tarayya bayan zaɓen 1986. Amma da aka yi ƙuri'ar raba gardama kan tuta a 2001, kashi 64 cikin ɗari suka ce a bar ta. Da yawa daga cikinsu sun ce tunawa ce da kakanninsu da suka mutu a yaƙi, akasarinsu talakawan da ba su taɓa mallakar bawa ba, kuma ba za a ce duk ƙarya suke yi ba, sai dai alamar da ƙungiyar ta'addancin farar fata ta Ku Klux Klan da masu adawa da haɗa baƙi da fari a makaranta ɗaya suka yi ta ɗagawa ba za ta iya zama ta kowa da kowa ba. Bayan kisan masu ibada 9 a wani cocin baƙaƙe a birnin Charleston na jihar South Carolina a 2015, jami'o'in jihar da birane da dama suka daina ɗaga ta. Kisan da ɗan sanda ya yi wa wani baƙar fata mai suna George Floyd a 2020 ya ƙarasa aikin: hukumomin wasannin jami'o'i suka ce ba za su kai manyan gasanni jihar ba, 'yan kasuwa suka matsa, babbar ƙungiyar cocin Baptis ta jihar ma ta nemi a canza. Ranar 28 ga Yuni majalisa ta kaɗa ƙuri'a, gwamna Tate Reeves ya sa hannu bayan kwana biyu, a watan Nuwamba kuma kusan kashi 73 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince da sabuwar tuta mai farin furen magnoliya, da taurari 20, da wani tauraro guda mai ruwan zinariya don tunawa da mutanen asali.

Jihar ta yau ba ta auduga kaɗai ba ce. Kaji da waken suya da katako sun sha gabanta, akwai masana'antun motoci na Nissan da Toyota, akwai gidajen caca a bakin kogi da gabar teku, akwai cibiyar gwajin injinan roka. A fannin karatun yara 'yan aji huɗu, jihar ta taso daga kusan ƙarshe a 2013 zuwa cikin goman farko a 2024, bayan ta dage kan horar da malamai da koyar da haɗa baƙi. Duk da haka tana cikin jihohin da suka fi talauci, kusan mutum ɗaya cikin biyar na ƙasa da ma'aunin talauci, kuma gundumomin Delta masu ƙasa mafi albarka su ne suka fi shan wahala, jama'arsu na ta raguwa. A watan Agustan 2022 babbar matatar ruwan Jackson, birnin da kusan kashi 80 cikin ɗari na mazaunansa baƙaƙe ne, ta tsaya, mutane suka yi ta layin karɓar ruwan roba a babban birnin jiha.

Tsarin mulkin 1890 kuwa har yanzu shi ne ke aiki, duk da gyare-gyaren da aka yi masa. A zaɓen da aka amince da sabuwar tuta an soke wani sashensa da ya ce sai ɗan takarar gwamna ya ci rinjayen mazaɓun majalisa baya ga rinjayen ƙuri'u. Amma sashen da ke raba mutum da ƙuri'a har abada saboda wasu laifuka yana nan, kuma a 2023 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar da aka shigar a kansa. Wanda wannan sashe ya kama, ko da ya gama zaman kaso da shekara talatin, ba ya sake yin zaɓe sai gwamna ya yafe masa, ko kuma kashi biyu cikin uku na majalisun jihar biyu sun amince da wani ƙuduri da ke ɗauke da sunansa shi kaɗai. Tun daga 1890 zuwa yau, ba a taɓa zaɓen baƙar fata a wani muƙami da jihar gaba ɗaya ke kaɗa wa ƙuri'a ba.